Babi na Bakwai: Jirgi a Kan Kwalta

Jirgin ruwa mai inji, in ka gan shi a dam irin na Shagari ko na Goronyo, ba ta ruwa ya iso wurin ba. Ta titi ya zo, ko dai kwance a bayan babbar mota ko ɗaure a kan ƙaramar tirela wadda Hilux ke ja. Kwalekwalen katako ma sau da yawa haka ne: inda ake haɗa shi daban, inda zai yi aiki daban, tsakanin wuraren biyu kuma akwai kwalta da ramuka da garken shanu. Mun saba da tunanin haɗarin jirgi a cikin ruwa kawai. Amma akwai sa'o'in da jirgi ke yi a tudu, lokacin da Sarkin Ruwa ba shi da iko da shi, matuƙinsa ma ba shi da iko da shi, sai direban mota, wanda wataƙila bai taɓa jan komai a bayansa ba.

Mutanen Lambara da sauran gundumomin ƙaramar hukumar Shagari ba sa bukatar a gaya masu dalilin kawo jirage yankinsu. A watan Afrilun 2022, cikin azumi, kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana, aka rasa rayuka 29, akasarinsu yara da matasa da suka fita neman itacen girki. A watan Mayun 2023 aka sake yin irinsa a Dandeji, yara 15 suka rasu, su ma itace suka je nema. Allah ya jiƙan su. Bayan kowane irin wannan rashi kira ɗaya ake ji daga bakin hakimai da 'yan majalisa da dangin mamata: a kawo jirage masu inji, a kawo rigunan kariya. Kira ne mai kyau. To amma jirgin da za a kawo sai ya biyo hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari da Tambuwal da Jega, ko kuma ya hauro daga kudu ta Kwantagora da Yawuri. Wannan ita ce A1, wadda mafi yawanta layi ɗaya ne na zuwa, ɗaya na dawowa, tankokin mai da motocin siminti da na albasa kuma ba sa ɗaga mata ƙafa dare da rana.

Bari mu fara da doka, don ita ce mafi sauƙin faɗa. Littafin dokokin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ya raba gudu gwargwadon irin mota da irin hanya. Motar gida tana da kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyin gudu. Tanka da tirela 45, 50 da 60. Janwe kuwa, muddin tana jan wata mota, 45 ne a ko'ina, gari ko daji. Sai ta sauke abin da take ja sannan a yarje mata 60 a babbar hanya. Wannan layi na ƙarshe don janwe aka rubuta shi, amma shi ya fi kusa da halin mai jan jirgi. Motar ba ta canza ba, direban bai canza ba, hanyar ma ita ce dai, amma da an rataya wani abu a baya sai gudun ya sauka. A ganina mai jan jirgi a hanyoyinmu ya riƙe 45 zuwa 50, kada allurarsa ta taɓa 60 ko da hanya ta yi masa fes babu kowa.

Direba in ya ji haka yakan yi murmushi ya ce, "Haba Malam, ai a Turai da ɗari suke ja." Ba haka zancen yake ba. A Ingila mai jan tirela ba ya wuce mil 50 a sa'a a hanya mai layi ɗaya, wato kilomita 80, a tagwayen hanyoyi kuma mil 60, kusan kilomita 96. A Jamus 80 ne, sai wanda aka duba tirelarsa aka ba shi izini na musamman ya kai 100. A jihar Kalifoniya ta Amurka mil 55 ne. Ko'ina dai ƙasa da gudun motar da ba ta jan komai. Sannan tirelarsu ta kamfani ce, an auna ta an gwada ta, kuma a Ingila duk wadda nauyinta da kayanta ya haura kilo 750 dole ta kasance da birkinta na kanta. Tamu fa? Sau da yawa mai walda ne ya haɗa ta a bakin hanya, da aksul ɗin tsohuwar Fijo da tayoyin da wani ya cire ya yar. Ba ta da birki, ba ta da takarda, babu wanda ya san iyakar abin da za ta ɗauka. Ba raina masu walda nake yi ba, da yawansu gwanaye ne. Amma wanda ke jan irin wannan tirela ba shi da hurumin aron gudun Bajamushe.

Lissafin farko na birki ne. Motar da ke kan 45 tana cin mita 12 da rabi a kowace daƙiƙa, mai 90 kuma mita 25, tun kafin ƙafar direba ta isa birki ke nan. In ya taka, nisan da za ta ja kafin ta tsaya ba ninki biyu yake zama ba idan gudu ya ninka, ninki huɗu ne. Yanzu ƙara tirela marar birki a kai. A ce motar tan biyu ce, jirgi da tirelarsa tan ɗaya. Birkin da aka ƙera don tsayar da tan biyu an ba shi uku, nisan tsayawa ya ƙaru da kusan rabi. Kuma wannan tan na uku ba a cikin mota yake zaune ba, a baya yake yana turo ta. In aka danna birki da ƙarfi a kan kwana, tirela ba ruwanta da kwanar, gaba take son miƙewa. Sai ta ture ƙugun motar gefe, mota da tirela su naɗe a tsakiyar titi.

Lissafi na biyu shi ya fi shammatar direba, wato rawar tirela. Kowace tirela da kayanta tana da wani gudu wanda ƙasa da shi, in rami ko iska ya kaɗa ta, za ta yi lilo sau ɗaya ko biyu ta natsu. Sama da wannan gudu kuwa lilon ba ya mutuwa. Ta tafi dama ta dawo hagu da ƙarfin da ya fi na farko, ta sake komawa da wanda ya fi na biyu, kafin a yi haka sau huɗu ko biyar ita ce ke tuƙa motar. Babu fitilar da za ta kunnu a gaban direba ta ce masa ya iso wurin. Tirela na iya bin shi lami lafiya a kan 70 tun daga Sakkwato har ya wuce Boɗinga, ya ce a ransa ashe duk tsoro ne kawai, sai wata tanka ta gifta ta watso masa iska, ko tayar tirela ɗaya ta faɗa gefen kwalta inda ruwa ya ci. Daga nan sai ka ji yaron mota yana cewa, "Maigida, jirgi na rawa!"

Abin da jiki ke gaya wa direba ya yi a wannan lokaci duk kuskure ne. Ƙafa tana son birki, hannu yana son karkata sitiyari ya tari rawar. Birki mai ƙarfi zai sa tirela ta hau kansa, sitiyarin kuma kullum a makare yake zuwa, sai ya zama yana ƙara wa lilon ƙarfi maimakon ya kashe shi. Akwai kuma wata karin magana ta tasha da ke cewa a ƙara wuta tirela ta miƙe. Wannan ita ce mafi muni, don gudun ne ya jawo rawar tun farko, wanda ya ƙara shi kuma in abin ya ƙwace zai ƙwace ne a kan 90 maimakon 70. Abin yi shi ne a ɗage ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari da hannu biyu a miƙe, a bar motar ta rage gudu da kanta. In rawar ta lafa a nemi wuri a tsaya, a sauka a duba. Tirelar da ta yi rawa sau ɗaya ta faɗi cewa akwai abin da ba daidai ba a zaman kayanta.

Zaman kaya shi ne tushen maganar. Duk wanda ya taɓa loda taki a amalanken jaki ya san in kaya ya koma bayan taya, itatuwan gaba ɗagawa suke yi har su nemi ɗaga jakin. Tirela ma haka take yi wa mota: in nauyi ya rinjaya baya, bakinta ya ɗago ƙugun motar, tayoyin baya su rage riƙon ƙasa, gudun da rawa ke farawa ya sauko ƙasa sosai. Shi kuwa jirgi mai inji dama can nauyinsa a baya yake. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda aka fi gani a ruwayenmu, ya kai kilo 70, kuma a can ƙarshen jirgi yake rataye, wurin da ya fi ko'ina nisa da mota. Shi ya sa tirelar da aka ƙera don jirgi za ka ga aksul ɗinta ya ja baya sosai. Mai waldan da ya saba haɗa tirelar ɗaukar hatsi yakan sa aksul a tsakiya, don buhu a baje yake. In aka ɗora jirgi a kan irin wannan, an shirya rawa tun ba a tashi ba.

Ƙa'idar da masu ƙera tirelar jirgi ke bi ita ce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na dukan nauyin ya sauka a kan maɗaurin mota. In jirgi da tirela sun yi kilo 800, to kilo 40 zuwa 80 ke nan. Auna wannan ba ya bukatar injiniya. Sikelin da ake auna buhu a kasuwa ya isa: a ɗora bakin tirela a kan gungumen itace a bisa sikeli, a daidai tsayin da zai zauna a jikin mota, a karanta. In ba sikeli, a gwada da hannu. Bakin tirelar da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya ya yi sakayau da yawa. Wanda ƙarti biyu suka kasa motsawa kuma ya yi nauyi, zai danne bayan mota ya ɗage gabanta, sitiyari ya yi sako-sako, fitilu su koma haska sama. Gyaran a mafi yawan lokaci mai sauƙi ne: a matso da jirgin gaba ko baya da taƙi ɗaya ko biyu, a kwaso jarkokin mai da batir da anga daga baya a ɗaure su a kan aksul ko gabansa kaɗan. In tafiyar mai nisa ce kuma injin na ciruwa, a cire shi a kwantar da shi a bayan mota yadda littafinsa ya ce. In ba ya ciruwa, a ɗaga ƙafarsa a tokare ta da katako a ɗaure, don kowane rami yana fizgar bangon bayan jirgi da dukan nauyin injin.

Akwai nauyin da ba a gani. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgin da tsawonsa mita 7 ne, faɗinsa mita ɗaya da rabi, bakinsa a buɗe ya kai murabba'in mita 10. In ya kwana a waje cikin Agusta aka yi ruwa mai milimita 50, ya tara lita 500, rabin tan ke nan. Kuma nauyi ne mai yawo: a taka birki ya kwararo gaba, a tashi ya koma baya, a sha kwana ya taru a gefe ɗaya. Saboda haka matoshin ƙasan jirgi a cire yake tafiya a titi. Jirgin katako da aka fito da shi daga ruwa jiya shi ma ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba, don katakon ya sha.

Sai nauyin da muke ƙarawa da kanmu. Bahaushe ba ya son ganin wuri fanko yana tafiya. Da an ga jirgi a kan tirela zai nufi Shagari, wani zai kawo buhun siminti biyu, wani kwanon rufi, wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, don Allah rage wa jikokina hanya." A nan kunya ba ta da amfani. Cikin jirgin da ke kan tirela babu kujera mai bel, babu abin riƙo, babu abin da zai tare mutum in tirela ta yi tsalle ko ta ɓalle. Direba ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, in akwai wuri a cikin mota su shigo, amma cikin jirgi a'a." Ko yaron mota bai kamata ya zauna ciki da sunan gadin kaya ba.

Maɗaurin kansa ɗan ƙaramin abu ne, amma duk tafiyar a kansa take. Motocin da ke shigowa daga Turai dunƙulen ƙarfen da ke bayansu milimita 50 ne. Na Amurka da inci ake auna su: akwai mai inci 2, wato milimita 50.8, akwai mai inci ɗaya da bakwai bisa takwas, wajen milimita 47.6. A ido duk ɗaya suke. In aka ɗora kofin tirela mai inci 2 a kan ƙaramin dunƙulen, zai zauna, zai ma kulle, sai an faɗa rami na farko ya fice. Gwajin shi ne bayan an kulle a sa jak a ƙarƙashin bakin tirela a ɗaga: in ya ɗago bayan motar tare da shi, ya kama. Inda ake amfani da ƙusa mai kauri da ake zurawa ta rami, irin na tarakta, dole ƙasan ƙusar ya sami abin da zai hana ta tsalle ta fita, ba waya ko tsumma ba. Kuma a jikin shasi ake ɗaure maɗauri, ba a bamba ba. Sarƙa biyu ake sawa, a gicciye su a ƙarƙashin bakin tirela, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, don in maɗauri ya saki bakin ya faɗa kan sarƙoƙin maimakon ya soki kwalta. A bar masu sakin da zai isa shan kwana, amma kada su riƙa jan ƙasa.

Jirgin kuma a ɗaure shi a wuri uku aƙalla: hanci, da kusurwoyin baya guda biyu. Igiyar da ake naɗewa a jawo jirgi bisa tirela ba maɗauri ba ce, a ƙara wa hancin sarƙa ko bel nasa daban, don in aka yi birkin gaggawa jirgin da ba a ɗaure hancinsa ƙasa ba ta gilashin bayan mota yake shigowa. Igiyar roba tana miƙewa da zafi da girgiza. Bayan kilomita goma na farko a tsaya a sake ɗaure komai.

Tayar tirela ita ce marainiyar tayoyi. Ba ta cinyewa don ba ta yawan tafiya, sai a ga zanenta raɗau a ɗauka sabuwa ce, alhali ta shekara shida tana tsaye a rana. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra shekara huɗu take ƙirga wa taya daga wannan rana. A ƙasar Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, kwalta kuma ta fi haka zafi, tsohuwar taya mai ƙarancin iska ba ta da wata makoma sai fashewa. Ga shi ƙaramar taya ta fi juyawa: inda tayar Hilux ke juyi wajen 410 a kilomita ɗaya, mai rim 13 tana yin wajen 530, ƙananan ƙwarai kuma sun haura 700. A duba iska da safe kafin taya ta ɗau zafi, a riƙe safaya da jak da sifanan da suka dace da notinan tirelar, don ba lallai na mota su shiga ba. Duk inda aka tsaya a kai bayan hannu kusa da cibiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi. In ta yi zafin da hannu ba ya iya zama, boris ne ke neman giris ko ya riga ya tafi, kuma boris ɗin da ya ci wuta yana iya sakin taya ɗungurungum.

Fitilun baya da na birki da sigina dole su yi aiki a jikin tirela, don jirgin ya rufe na motar. A ɗaura jan ƙyalle a farfela. Tafiyar dare kuwa, ko cikin hazon hunturu mai kauri, a bar ta in ba dole ba.

Tuƙin kansa sai an sake koyo. Tayar tirela ba ta bin sawun tayar mota a kwana, yankewa take ta ciki, saboda haka a buɗe kwana sosai, musamman a cikin gari inda mai shayi da mai babur ke tsaye a bakin kwalbati. A bar tazarar da ta ninka ta kullum tsakaninka da na gaba. Wuce babbar mota kuwa, da jirgi a baya tsawonka ya ninka, ƙarfinka ya ragu, lokacin da za ka yi a hannun masu tahowa ya ƙaru. In ba ta tsaya cik ba, a haƙura. Ranar kasuwa a kowane gari na bakin hanya, da wuraren da shanu da raƙuma ke tsallakawa, a sauko ƙasa da 30 tun daga nesa, don mai jan tirela ba shi da damar kauce wa dabba da fizgar sitiyari. In motoci sun taru a bayanka suna ham, a sami wuri mai faɗi a ba su hanya. Ya fi a bar hayaniyarsu ta sa ka ƙara wuta.

Yanzu ga hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wurin mai son gudu: ceto. An bugo waya jirgi ya kife, mutane na cikin ruwa, wa zai ce wa direba ya tafi a kan 45? Bari mu yi lissafin. A ce tafiyar kilomita 50 ce. A kan 45 za ta ci minti 67, a kan 80 kuma minti 38. Ribar gudun wajen rabin sa'a ce. Amma wanda ya nutse bai iya iyo ba, 'yan mintoci kaɗan yake da su, ba rabin sa'a ba, ba sa'a ba. Kafin a haɗa tirela a bar Sakkwato an riga an san wanda ya rayu da wanda ya tafi. Waɗanda ke tsamo mutane da rai su ne waɗanda ke bakin ruwan a lokacin: sarkawa, masu fito, samarin ƙauyen da suka iya ninƙaya. Jirgin da ke tahowa daga birni aikinsa neman gawa ne, da kai jami'ai, da kwashe waɗanda ambaliya ta tsare, kuma duk waɗannan suna jure jinkirin rabin sa'a. Abin da ba sa jurewa shi ne jirgin ya kwanta a gefen titi da fasasshen ciki, ga motar a cikin rami, ga wasu sababbin majinyata. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Wannan lissafi yana da wani ɓangare da ya shafi hukumomi fiye da direba. In ana son jirgin ceto ya ceci rai, ba a harabar ofis a birni zai kwana ba. Tun kafin damina ta kankama ya kamata a jawo shi a tsanake, da rana, a ajiye shi a bakin ruwan da ake fito, a damƙa shi ga mutanen da Sarkin Ruwa ya yarda da su, da mansa da rigunansa. Jirgin da aka raba a gaban 'yan jarida sannan aka mai da shi birni an ɗora masa tafiyar gaggawa a duk ranar da aka bukace shi.

Isowa bakin ruwa ba shi ne ƙarshen aiki ba. A ƙasashen da jan jirgi ya zama ruwan dare akwai gangaren kankare da aka gina don tirela ta sauka. Mu a nan yawanci gaɓa ce kawai. In rani ya yi ruwan dam ya ja baya, yakan bar laka mai busasshen sama da ɗanyen ciki, wadda ke ɗaukar mutum amma ba ta ɗaukar mota. A fara takawa da ƙafa da sanda, a tambayi masunta inda ƙasa ke da tauri, su suka san wurin. Tayoyin mota kada su shiga ruwa. In gangaren ba shi da zurfi, a kwance tirela a sake ta da igiya mai ƙarfi, motar na tsaye a tudu da hambirki da weji. Kafin haka a ba tirela kwata ɗaya na sa'a ta huce, domin cibiyar taya mai zafi in ta shiga ruwan sanyi iskar cikinta na tsukewa ta zuƙo ruwa zuwa cikin boris. Wannan jira ba asara ba ne, a cikinsa ake mai da matoshin ƙasa, a kwance bel ɗin baya, a cire wayar fitila, a ɗaura wa hancin jirgi doguwar igiya wani ya riƙe. Mai yin ribas ya sauke gilashi, ya fitar da kowa daga motar, ya sa hannu a ƙasan sitiyari: inda hannun ya nufa nan bayan tirela zai nufa. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba shi hannu, ba mutum goma ba. Yara kuwa za su taru, babu makawa, sai a sa wani babba ya tsare su nesa da bayan tirela.

In an fito da tirela daga ruwa a tsince ciyawar da ta maƙale mata kafin a tafi wani ruwan. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ta shigo Najeriya ta Badagiri a 1984, har ta kai tafkin Kainji, guntunta ɗaya ya isa ya kafa zuriya a sabon wuri.

Saura komawa gida. Direba ya sauke kaya, ransa ya yi sanyi, yana ganin yanzu ya sami 'yancin gudu. Amma sifirin ɗin tirela don ɗaukar tan guda aka yi shi, in babu kaya ba ya lanƙwasa, sai tirelar ta riƙa tsalle a kan kowace gargada, tayoyinta rabin lokaci a iska. Ba ta kuma fitowa a madubi tunda jirgin da ke nuna ta ba ya nan, har direba ya manta da ita ya yanke kwana ko ya koma hannunsa da wuri bayan ya wuce wani. A kafa sanda mai ƙyalle a kusurwarta ta baya yadda za a riƙa hango ta, a naɗe bel da igiyoyi kada su shiga taya, in tana da birki a taka shi a hankali sau biyu ko uku ya bushe. Da an isa gida, ranar nan ko washegari, a buɗe cibiyoyin tayoyin a duba giris. In ya koma fari-fari ruwa ya shiga, a wanke boris ɗin da kananzir a cika sabo kafin tsatsa ta kama shi.